Ranar da Usta Subhi Bai Jira Ba

Ranar Lahadi ce, farkon mako, a tsakiyar sanyin Janairu, aka wayi gari da yayyafi a Alkahira. Ba wani ruwan a-zo-a-gani ba ne, amma birnin bai iya ruwa ba, kaɗan ma ya ishe shi. Kafin hantsi tituna sun zama taɓo, motoci sun cushe a kan gadoji, kowa ya naɗe ƙafar wando ya gangara neman metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. A wannan ranar ce kuma aka fara sabon tsarin tafiyar jirage.

An daɗe ana shirinsa. An sauya fitilun sigina na cikin rami, an gyara dogo a wuraren da jirgi kan rage gudu, an kawo sababbin jirage. A da, in jirgi ya wuce ka, kana iya hawa sama ka sayi shayi, ka shanye, ka yi musu da mai shayin a kan ƙwallon jiya, ka sauko ka tarar na baya bai zo ba. Yanzu aka ce kafin iskar wanda ya tafi ta kwanta, fitilar na baya ta leƙo. Mutane suka ce to, a bari a gani.

A cikin direbobi, waɗanda a nan ake girmamawa da laƙabin Usta, babu wanda ya kai Usta Subhi Abul-Ela son sabon jirgin. A ramin nan gashin bakinsa ya yi fari. Tsohon jirgi sai ka lallashe shi kamar jaki kafin ya tashi, wannan kuwa da ka ɗan tura hannu sai ya miƙe sumul, ba tari ba gunaguni, tasha na bin tasha. Ranar gwaji har shafa allon gabansa ya yi yana cewa masha Allah. Komai ya shiga sabon tsari, fitila da dogo da jirgi. Abu ɗaya ne bai shiga ba, shi ne Subhi da kansa.

A ƙarshen kowane dandamali akwai babban madubi daidai inda direba ke tsayawa, don ya duba ƙofofi kafin ya rufe. Sauran direbobi ƙofofi suke kallo. Subhi matakala yake kallo. In ya hango mutum yana saukowa a guje, hannunsa ba ya iya taɓa maɓallin rufewa. Fasinjoji ma sun san halinsa. Sai wani ya sa ƙafa a bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Usta, jira, don Annabi!" saboda mutumin da bai taɓa gani ba, ba kuma zai sake gani ba. A Shubra, unguwarsu, ba a kiransa da sunansa, sai Mai Jira. Mahauci yana zaɓa masa tsoka, mai aski yana tsallake layi dominsa. Yana jin daɗin sunan nan, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

To, ranar ruwan nan matakala ba ta huta ba. Ya jira wata mata da lemarta ta ƙi rufuwa. Tana shiga ya hango wani da kwali a ka. Wannan na shiga, ga ɗalibai biyu riƙe da hannun juna. Oba-obar da ke gefensa ta yi ƙara.

"Usta Subhi, ɗakin kula ne. Me ya tsayar da kai?"

Muryar Injiniya Mirbat ce, wadda zirga-zirgar layin duka take hannunta.

"Wani bawan Allah ne ke saukowa, Injiniya."

"Usta, bayin Allah ba za su daina saukowa ba sai tashin ƙiyama. Rufe ka tafi."

Ya rufe, amma sai da bawan Allahn ya shiga.

A ƙarshen layi akwai ɗakin da direbobi ke hutawa. Bai daɗe da zama ba Usta Girgis ya shigo, abokinsa tun suna goge ƙarfe a gareji, gajere mai tumbi, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu. Shi ke tuƙa jirgin da ke bin na Subhi a baya.

"A'a, ga Mai Jira! Ku ba shi kujera mai kyau, ya sha tsayuwa."

"Kai dai zauna ka ci wakenka."

"Zan ci. Amma zan rage wa abokina." Girgis ya yago burodi ya dangwalo wake. "Akwai wani ɓera a rami dab da tasharku. Yau na tsaya a gabansa har mun saba. Ya gaya mini sunan matarsa. Gobe cuku zan kawo masa."

Direbobi suka fashe da dariya. Subhi ma ya yi, amma shayin bai yi masa daɗi ba, don an riga an aiko cewa Injiniya tana nemansa in ya tashi aiki.

Mirbat sa'ar 'yarsa Huda ce. Da ya shiga ta miƙe, ta jawo masa kujera da kanta. Bango guda na ɗakin allo ne, layin duka a zane, jirage kamar 'yan fitilu suna rarrafe a kansa. Ta ce wa wani ma'aikaci ya maido musu tafiyar safiyar.

"Baba Subhi, wannan kai ne."

Fitilarsa ta shiga tasha ta tsaya. Ta bayanta ta zo ta tsaya a rami. Ta bayan wannan ma ta tsaya, haka haka har kusan ƙarshen layi, kamar motoci a kan gada. A gabansa kuwa fili ya buɗe, babu jirgi ko ɗaya.

"Ka ga filin nan? Tashoshin da ke ciki cika suke yi. Kana isa sai ka tarar da ninkin mutane, ka ƙara daɗewa, filin ya ƙara faɗi." Ta juyo ta dube shi. "A da tazarar tana da yawa, jiranka yana ɓacewa a cikinta, ba wanda ya sani. Yanzu ba shi da wurin ɓuya."

"Injiniya, mutum yana gudu yana kallon idona. In rufe masa ƙofa a fuska?"

"Na baya yana tafe, Baba."

"Ke kin sani, ni na sani. Shi bai sani ba."

Sai ta faɗi abin da ta kira shi dominsa. Manya sun ba ta zuwa ranar Alhamis. Duk direban da ba ya riƙe tazara za a ɗauke shi daga layi a mayar da shi gareji.

"Wallahi ba na so a fara da kai. Babu mai tsayar da jirgi daidai kan alama kamarka, tsofaffi ba sa ko girgiza. Amma ba zan iya riƙe layi guda saboda mutum ɗaya ba."

Gareji. Ya san aikin sarai: ka ɗauko jirgi ba kowa a ciki daga wurin wanki, ka kai shi inda zai kwana, ka dawo ka ɗauko wani. Ba tasha, ba fuska, ba mai ce maka Allah ya kiyaye hanya. Da ya fito ruwan ya tsaya, amma bai lura ba.

Washegari aikin yamma gare shi. Girgis ya bugo masa waya tun da safe.

"Fito ka raka ni. Amma ba a ɗakin direba ba, inda ake miƙe ƙafa. Tarago na farko za ka shiga, ka tsaya a jikin bangona."

Ya je. Rabonsa da shiga tarago a lokacin cunkoso har ya manta, don a ƙafa yake zuwa aiki ko ya zauna gaba da abokai. Aka matse shi tsakanin wani dattijo mai riƙe da babbar ambulan ta asibiti da wata yarinya 'yar sakandare da ta manna littafi a ƙirji tana motsa baki. Da farko tafiya ta yi daɗi. Jirgin yana sheƙa gudu, wani yana ce wa maƙwabcinsa, "Ka ga aiki? Jiya kafin in gama waya da matata na iso."

Sai jirgin ya rage gudu, ya tsaya a tsakiyar rami.

Tagogi baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai fuskarka. Wani ya buga bangon direba da tafin hannu. "Usta, in mai ne ya ƙare mu sauka mu tura!" Aka yi dariya. Jirgin ya motsa, ya shiga tasha, ya ɗebi wasu mutanen a kan waɗanda ke ciki, ya fita, ya sake tsayawa a duhu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Wani jariri ya fara tsala kuka. Dattijon ya sauya ƙafa, ya jingina goshi da ƙarfe ya rufe ido. Mai bugun bango ya dawo, yanzu da dunƙule, yana ambaton uwar direba da kakarsa.

Yarinyar ta ɗago ta dubi Subhi, ganin rigar aikinsa. "Baba, don Allah me ya faru? Jarrabawa gare ni. In an rufe ƙofar makaranta ba a buɗewa."

Ya san abin da ya faru. A can gaba wani direba yana kallon matakala.

Da suka isa tasharta ta fita a guje, ɗankwalinta na zamewa. Ko ta samu shiga, ko ba ta samu ba, bai taɓa sani ba.

A ƙarshen layi Girgis ya sauko yana goge wuya da hankici. "Ka ji da kunnenka? Uwata tana kabari ma ba su ƙyale ta ba. Zagin nan naka ne, Subhi. Ni nake karɓar maka shi tun jiya, ban kawo maka ko rabi ba."

"Wa ke gabanka yau?"

"Wa kake tsammani? Ɗaya daga cikin waɗanda ka koya wa tuƙi. Har yadda kake karkata kai wajen madubi ya ɗauka."

Abin da ke yawo a zuciyar Subhi shi ne, duk tsawon shekarun nan madubin mutum ɗaya yake nuna masa, mai gudu. Yarinyar nan da dattijon nan ba sa fitowa a madubi.

Daga ranar ya fara rufe ƙofa ba jira. Ba sauƙi. Wani mai jaka ya iso daidai ƙofa na haɗuwa, ya mari gilashi, ya bi jirgin da kallon da Subhi ya kwana yana gani. Wani lokaci hannunsa yana yi, wani lokaci yana ƙi. Ranar Laraba Mirbat ta ce masa ta oba-oba, "Da sauƙi, Usta, amma da saura. Gobe da safe manya za su zauna a gaban allo."

Goben kuma ita ce ranar sunan jikansa. Huda ta haifi namiji a Giza.

Da ya koma gida da yamma ya tarar falon sama, na surukarsa Hajja Zinat, cike da matan bene, har da maƙwabciyarta Ummu Nabil, suna naɗe shinkafa a ganyen kabeji suna jerawa a tukunya, abincin da suke kira mahshi, na bikin suna. Hajja tana kan kujerarta, ƙafafu a kan matashi, tana ba da umarni. Ita ce ta ba shi auren 'yarta Awatif lokacin da ba shi da komai sai rigar gareji mai maiƙo, kawunnan yarinyar duk suna cewa a'a. Tun ranar ba ta taɓa kiransa da suna ba, sai ɗana. Gwiwoyinta sun gaji, matakala ɗaiɗai take taka ta, tana hutawa. Metro kuwa a bakinta ba shi da wani suna sai jirgin ɗana.

"Yauwa, ga shi nan. Ɗana, gobe da kai za mu tafi. Ni da Awatif da Ummu Nabil da duk waɗannan."

Ya durƙusa ya sumbaci hannunta. "Hajja, to ku fito da wuri. Ku riga ni isa dandamali."

"Ni in je in tsaya ina jiranka kamar baƙuwa?"

"Tsari ne ya sauya, Hajja."

"Tsari ya sauya. Gwiwata ma an sauya ta?"

Matan suka yi dariya. Ya ce, "Ko ku hau duk wanda kuka samu. Yanzu jirage ba sa yankewa, wannan na fita wannan na shiga."

"Ji wata magana! Na gaya wa bene guda jirgin ɗana za mu hau, sai in kwashe su in zuba a jirgin wani ƙato da ban san uwarsa ba? Kana so Ummu Nabil ta samu abin faɗa har azumi?"

"Ni me na ce?" in ji Ummu Nabil, bakinta cike da shinkafa.

"Ba ki ce ba tukuna."

A ƙasa ya gaya wa Awatif komai, har maganar gareji. Ta ajiye farantin da ke hannunta. "Abu Huda, me ya sa ba ka faɗa mata haka ba?"

"A gaban mata? In ce mata wata yarinya sa'ar jikarta za ta kore ni saboda ita?"

"To bari. Ni zan fito da ita tun kafin gari ya waye sosai, ko da ɗaukarta zan yi."

Ta yi niyya, Allah ya sani. Amma an manta kyandirorin bikin suna, an koma. Ummu Nabil ta ce mayafinta bai dace da jakarta ba, an koma. Hajja ta ce ba za ta fita ba sai ta sha shayi.

Safiyar Alhamis garin ya yi garau. Subhi ya fito daga farkon layi kamar an ɗaura shi da zare. Tasha ta farko, buɗe, rufe, tafi. Ta biyu haka. Dandamali ba cunkoso, don jirgin gabansa bai daɗe da kwashewa ba. Oba-oba shiru. Yana tunkarar tasharsu yana addu'a a zuci: ko dai suna tsaye suna jira, ko sun riga sun wuce.

Ya shiga, ya tsaya kan alama, ya buɗe ƙofofi. Ba su a dandamali. Ya sauke ajiyar zuciya.

Matakalar tasharsu doguwa ce, kuma tana saukowa ne daidai gaban jirgi, ba sai ka duba madubi ba. Ya ɗaga ido. Can sama, ga baƙar abaya, ga Awatif riƙe da gwiwar hannun uwarta, ga Ummu Nabil da faffaɗan tire a ka, ga sauran mata a baya da jakunkuna. Hajja Zinat ta gan shi. Ta ɗaga hannu ɗaya, ba sauri ba damuwa, yadda ta saba, ta sa ƙafa a matakala ta gaba.

Masu sauka sun sauka, masu shiga sun shiga. Fitilar gabansa ta zama kore. Wani saurayi mai jar riga a tarago na farko, ɗan unguwarsu, ya riga ya sa ƙafa a bakin ƙofa.

"Usta! Hajjarku ce!"

Kawuna suka leƙo ta ƙofofi. Rabin taragon 'yan Shubra ne, kowa ya san ta, kowa ya san shi. Awatif ta dube shi daga sama, ta girgiza kai a hankali, irin na na-yi-iya-ƙoƙarina.

Hannunsa yana kan maɓalli. Ya san tsawon saukar nan, ya sha jiranta. Ya san kuma cewa a bayansa, a cikin duhu, Girgis yana tahowa da tarago bayan tarago, kuma in bai matsa ba jar fitila za ta tare su a gaban ɓeran nan. A cikinsu akwai wata da littafi a ƙirji. Bai gan ta ba, amma ya san tana nan.

Ya jawo lasifikar jirgin, wadda ake ji ciki da waje. Bai taɓa faɗar komai da ita ba sai sunan tasha.

"Mai jar riga, cire ƙafarka, Allah ya yi maka albarka." Muryarsa ta cika tashar, har shi kansa ya tsorata. "Hajja Zinat, barka da asuba. Na gan ki. Kada ki yi sauri, ki sauko a hankali yadda kika saba. Usta Girgis yana bayana, kafin ki taka ƙasa ya iso. A bayansa ma akwai wani. Yau ba wanda za a bari, Hajja, sai dai ba ni zan ɗauke ki ba. Ki yafe mini."

Saurayin ya janye ƙafa, baki buɗe. Ƙofofi suka haɗu.

Hajja Zinat ta raini 'ya'ya shida a ɗaki biyu, kuma ba a taɓa jin ta yi jifa ta kuskure ba. Jirgin na fara motsi ta sunkuya ta zare silifas. Gwiwar hannunta ta bugi Ummu Nabil, tire ya karkata. Silifas ya tashi ta saman kawunan mutane, ya daki gilashin gefen direba, tas, ya faɗa tsakanin jirgi da dandamali.

Subhi ya ji taragon bayansa ya ɗauki ihu da dariya har da tafi. Bai juya ba. Ya tura hannu, jirgin ya miƙe cikin rami, fitilu kore suna buɗe masa hanya ɗaya bayan ɗaya. A tasha ta gaba wani ya taho a guje. Subhi ya sake jawo lasifika. "Mai jaka, kada ka faɗi. Na baya yana tafe." Mutumin ya tsaya cak, ya dubi jirgin, ya dubi ramin, ya gyara wuyan rigarsa ya ƙarasa saukowa kamar mai gari.

Har ƙarshen layi oba-oba ba ta yi magana ba. Sai da ya tsaya ta ɗan yi ƙara.

"Usta Subhi." Mirbat ce. "Tun asuba ba jirgin da ya tsaya a rami. Manyan sun sha shayi sun tafi. Sai Lahadi, a kujerarka. Allah ya raya jika."

Bai gama zuba shayi ba Girgis ya faɗo ɗakin hutu yana riƙe ciki.

"Ku tashi ku gaida jarumi! Mutumin da ya rufe wa surukarsa ƙofa kuma yana nan da ransa!"

"Ta hau?"

"Ta hau mana. Ina shigowa tana taka dandamali, kamar da ma'auni aka auna. Ƙafa ɗaya silifas, ƙafa ɗaya safa. Matakala kuwa kabeji ko'ina, wani ɗan sanda yana tsintar masu kyau. Na ɗauki lasifika na ce, Hajja, bismillah, jirgin Kirista ne amma Giza za shi."

"Kai, Girgis!"

"Wallahi. Kuma taragon mata da sarari, duk rundunarta ta zauna. Ummu Nabil har da miƙe ƙafa."

"Me ta ce?"

"Ta wuce ta gaban gilashina ba ta ko kalle ni ba." Girgis ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙullin takarda ya ajiye a tebur. "Ga cukun ɓera. Ban samu tsayawa na ba shi ba. Ka raba ni da abokina, Allah ya isa."

Da la'asar Subhi ya isa Giza. Gidan ya cika, yara riƙe da kyandirori, jaririn kwance a cikin rariyar da aka yi wa ado, yadda al'adar garin take. Hajja Zinat tana zaune a tsakiya da silifas ɗin Huda a ƙafa, turmin tagulla a gabanta, tana buga shi kusa da jaririn tana yi masa huɗubar da kaka ke yi.

"Ka ji maganar uwarka!" Ƙwal. "Ka ji maganar kakarka!" Ƙwal. "Ka ji maganata fiye da ta kowa!" Ƙwal. Ta ɗago ido ta ga Subhi a bakin ƙofa. "Kada ka ji maganar kakanka mai rufe ƙofa!" Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ɗaki ya kaure da dariya da guɗa. Ya ratsa ya durƙusa zai sumbaci hannunta. Ta bar masa hannun, amma fuskarta tana wani wajen.

"Awatif, ba wa mijinki abinci. In ya ga mahshi ya yi kaɗan, ya san dalili."

Ya koma gefe da farantinsa. Daga nan yana jin ta tana ba dangin mijin Huda labari, su da suka zo da mota suka makale a kan gada. "Ku da motocinku! Mu muna zama, Ummu Nabil ta fara labarin matar ɗanta, ko tsakiya ba ta kai ba aka ce Giza. Wannan na fita, wannan na shiga. Ai yanzu jirgin ba ya wasa."

Jirgin, ta ce. Ba ta ce na wa ba.

Maganar lasifikar ta bazu. Wasu direbobin suka ɗauka, har wanda ya koyi kallon matakala a wurinsa. Ba a daina sa ƙafa a ƙofa ba, Alkahira ce, amma yanzu in wani ya sa, daga cikin taragon ake ce masa, "Haba malam, cire, na baya yana tafe." Subhi yana nan a kujerarsa. Har yanzu idonsa yana zuwa matakala, sai dai hannunsa ya daina tambayar idon.

Abin da aka rasa ga shi. Silifas ɗaya, na ƙafar dama, yana nan a gefen dogo a tashar Shubra. Rabin tiren mahshi. Sunan Mai Jira, wanda ya bi ruwa, tare da tsokar mahauci da layin mai aski. Sai kalmar ɗana a bakin Hajja Zinat, wadda har yau ba ta dawo ba.